Wace Riga Za Mu Zana wa Zidane a Bangon Gidan Kallo?

Kawuna yana da gidan kallo a Zango, nan cikin Damagaram: rumfar kwano, benci goma sha biyu, tele biyu, da ɗan janareto a bayan katanga saboda ranar da kuran zai ɗauke ana tsakiyar wasa. Dala ashirin ake biya a ƙofa, daren Kofin Zakarun Turai kuma dala talatin. A bangon da ke kallon titi akwai hoton Zinedine Zidane da wani mai fenti ya zana tun 2017, ya harɗe hannuwa, ga tambarin Real Madrid kusa da kafaɗarsa. Ruwan damina da ƙurar hunturu sun ci fentin har fuskar ta fara ɓacewa. Kawu ya kira mai fenti, sun daidaita a kan jikka goma sha biyar, sai kuma ya dakatar da aikin.

"Ɗana, kai ne kullum kanka a sunkuye kan salula," in ji shi. "Mutumin nan ya bar Madrid tun 2021. Gaya mini inda zai sauka, kar in zana tambarin da bayan wata uku yara za su riƙa nuna ni da baki."

Na ce, "Kawu, ka ba ni mako guda."

Makon nan a fadarmu na yi shi, daga shayin fari mai ɗaci har na uku mai zaƙi, ina sauraron gardama. Wani ɗan kabu-kabu ya rantse Juventus ce. Malamin lakwal da ke zama da mu ya ce Marseille, don gida gida ne. Ƴan Manchester United, waɗanda kowace shekara suke jiran mai ceto, sun ce tasu ce. Abin da na lura da shi, kowa inda zuciyarsa take nan yake kai Zidane, ba wanda ya tsaya ya tambayi wane irin mai horarwa ne shi kansa. Ni kuwa a ganina daga nan ya kamata a fara, don sai ka san ƙafa kafin ka zaɓa mata takalmi.

Zidane bai taɓa horar da babbar ƙungiya ba sai Real Madrid. Ya yi wa Carlo Ancelotti mataimaki a kakar 2013 zuwa 2014, lokacin da suka ɗauki kofin Turai na goma a Lisbon. Ya riƙe Castilla, ƙaramar ƙungiyar Madrid, daga 2014, sannan a Janairun 2016 aka sallami Rafa Benítez aka ɗora shi. Abin da ya biyo baya duk wanda ke shiga rumfar Kawu ya gani da idonsa: Kofin Zakarun Turai sau uku a jere. A 2016 a Milan ya doke Atlético da bugun fenareti, a 2017 a Cardiff ya lallasa Juventus 4 da 1, a 2018 a Kyiv ya ci Liverpool 3 da 1. Ya ƙara da Laliga biyu, ta 2017 da ta 2020.

To ta yaya ya yi? Ba da sabon salon wasa ba. Ba za ka ce ga tsarin Zidane kamar yadda ake cewa ga na Guardiola ko na Klopp ba. Ƙarfinsa a riƙon manyan mutane yake. Ya dawo da Casemiro tsakiya don Modrić da Kroos su samu sararin taka leda. Ya shawo kan Cristiano Ronaldo, mutumin da ba ya son rasa ko minti ɗaya, ya yarda a riƙa hutar da shi a wasu wasannin Laliga don ya iso watan Afrilu da Mayu da ƙarfinsa. A kakar 2016 zuwa 2017 yakan sauya kusan rabin ƙungiya ya fito da su Isco, Asensio, Morata da Lucas Vázquez, a ci wasa, kuma ba ka jin hayaniya daga ɗakin sauya kaya. Ɗan wasan da ya ci kofuna ba ya jin maganar kowa, amma idan wanda ya zura ƙwallo biyu da ka a ragar Birazil a wasan ƙarshe na Kofin Duniya na 1998 ya ce masa zauna a benci, zai zauna.

Rauninsa ma a fili yake, kuma ƙaunar da nake masa ba za ta sa in ɓoye ba. Bai nuna haƙurin renon yara ba. A zamansa na biyu a Madrid aka sayar da Marcos Llorente ga Atlético, aka sayar da Achraf Hakimi ga Inter, Ødegaard ya gaji da benci ya tafi Arsenal aro a Janairun 2021. Bai taɓa cin Copa del Rey ba, har Alcoyano ta rukuni na uku ta fitar da shi. Sannan mutum ne da ba ya ɗaukar raini. Sau biyu ya bar Madrid da ƙafarsa: a ƙarshen Mayun 2018, kwana biyar kacal bayan kofin Kyiv, da kuma Mayun 2021, inda ya rubuta wasiƙa a jarida yana cewa ƙungiyar ta daina ba shi amincewar da yake buƙata.

Ke nan ma'aunin abu uku ne. Shin gidan yana da gwanayen da suka riga suka nuna, ko gini za a fara daga tushe? Shin shugabannin gidan za su bar shi ya yi aiki ba tare da katsalandan ba? Shin zai iya magana da ƴan wasan baki da baki, a harshen da ya mallaka?

Na ukun nan shi kaɗai ya isa ya rufe maganar Manchester United. Shi da kansa ya faɗa a wata hira da jaridar L'Équipe a 2022 cewa yana jin Turanci amma bai mallake shi ba, kuma ba irin aikinsa ba ne ya horar ta bakin tafinta. Mutumin da duk jarinsa shi ne ya ja ɗan wasa gefe su yi magana ta minti biyu, in ka sa masa tafinta a tsakani ka kwance masa makami. Ƙari a kan haka, tun da Alex Ferguson ya yi ritaya a 2013 United ba ta sake ɗaukar gasar Firimiya ba. Moyes, Van Gaal, Mourinho, Solskjær, Ten Hag, duk sun shiga sun fita. A kakar 2024 zuwa 2025 ta ƙare ta 15 a tebur. Wannan aikin magini ne, na shekara huɗu ko biyar. Kawu, kar a sayi jan fenti.

Saudiyya ma ba sai an daɗe a kanta ba. Kuɗi akwai, kuma tsofaffin yaransa sun je can: Ronaldo ya koma Al-Nassr a farkon 2023, Benzema ya koma Al-Ittihad a tsakiyar shekarar. Amma wanda ya iya zama shekaru a gida ba albashi, ana ta buga masa waya yana cewa a'a, ba kuɗi yake jira ba.

Paris Saint-Germain ta fi waɗannan biyun ma'ana a takarda. Harshe nasa ne, gwanaye akwai, kuma yana da tsohuwar alaƙa da Katar, masu ƙungiyar, don yana cikin waɗanda suka tallata neman da ƙasar ta yi na karɓar Kofin Duniya na 2022. Shekaru da dama abin da masu ƙungiyar ke nema shi ne mutumin da ya san hanyar kofin Turai. Sai dai a ranar 31 ga Mayun 2025 Luis Enrique ya kawo musu shi, ya ci Inter 5 da nema a Munich, kuma da ƙungiya mai gudu da matsin lamba wadda ba ta dogara da tauraro ɗaya ba. Ƙishirwar da za ta sa su nemi Zidane ta wuce. Ga kuma abin da malamin lakwal ya yi ta nanatawa, kuma gaskiyarsa ne: ɗan unguwar La Castellane ta Marseille ya zauna a bencin Paris, kamar a ce ɗan Birni ya shiga dambe yana kare garin abokan gaba ne. Zai iya, amma ba zai sake taka unguwarsu da sakin fuska ba.

To ita Marseille ɗin fa? Nan ne zuciyata take karkata, shi ya sa na fi tsananta bincike a kanta. A can aka haife shi ranar 23 ga Yunin 1972, iyayensa ƴan ƙabilar Kabil ne daga Aljeriya. Yana matashi yana zuwa filin Vélodrome na Marseille yana kallon Enzo Francescoli, har ya raɗa wa ɗansa na fari suna Enzo. Abin mamaki, bai taɓa buga wa ƙungiyar wasa ba: daga Cannes sai Bordeaux, sai Juventus, sai Madrid. Akwai bashin ƙauna da ba a biya ba tsakaninsa da garin. Mu ma nan muna da dalilin son Marseille. Dattawan da suka kalli wasan ƙarshe na Kofin Zakarun Turai na 1993 har gobe suna ba da labarin yadda Abedi Pele na Gana ya bugo kwana, Basile Boli ya sa kai, AC Milan ta faɗi 1 da nema.

Amma ɗora ta a kan ma'auni ka gani. Rabon Marseille da kofin gasar Faransa tun 2010. Mai ita, Ba'amurke Frank McCourt da ya saye ta a 2016, ba shi da aljihun Katar, saboda haka ƙungiya ce mai saye da sayarwa kowace shekara, yau ka saba da ɗan wasa gobe ya tafi. Gwanaye irin su Modrić da Ramos babu. Zaman lafiya kuma shi ne ya fi ƙaranci. A Janairun 2021 magoya baya suka afka wa sansanin atisaye. A Satumban 2023 mai horarwa Marcelino ya ajiye aiki bayan ƴan makonni, sakamakon wani zama mai zafi tsakanin shugabanni da ƙungiyoyin magoya baya, kuma kafin kakar ta ƙare Gattuso ya zo ya tafi, Gasset ya ƙarasa. Yanzu Zidane a Marseille sarki ne da ba a taɓa jin an zage shi ba. Ran da ya sha kashi uku a jere, bakunan da ke yabonsa su ne za su yi masa ihu, kuma a garin da danginsa suke. Ban ga abin da zai samu da ya kai abin da zai rasa ba. Ina son in gan shi a Vélodrome, amma a kujerar baƙi.

Juventus ita ce ƙungiyar da na fi ɗauka da muhimmanci, kuma ɗan kabu-kabun nan ba shirme yake ba. Zidane ya yi shekara biyar a Turin, daga 1996 zuwa 2001, ya ci Serie A a 1997 da 1998 a hannun Marcello Lippi, kuma a can ya koyi cewa nasara ta fi ado. Italiyanci yana bakinsa. Ko a Madrid an ga tarbiyyar Italiya a aikinsa: ya ɗauko Antonio Pintus, mai kula da ƙarfin jiki da ya sani tun Juventus, kuma Laligar 2020 da tsaron gida ya ci ta, ƙwallo 25 kacal aka zura musu a wasa 38. Akwai kuma tsohon miki. Sau biyu ya kai wasan ƙarshe na Turai da rigar Juventus, Dortmund ta doke su a 1997, Madrid ta doke su a 1998, sannan a 2017 shi da hannunsa ya hana su. Rabonsu da kofin tun 1996. Idan akwai labarin da zai yi daɗin ƙarasawa, wannan ne.

Matsalar ita ce Juventus ta yau ba ta Lippi ba ce. Bayan Serie A tara a jere, daga 2012 zuwa 2020, gidan ya rikice. Andrea Agnelli da duk majalisarsa sun sauka a Nuwamban 2022 saboda binciken lissafin kuɗi, aka zaftare wa ƙungiyar maki 10, aka hana ta wasannin Turai na shekara guda. An sallami Allegri a Mayun 2024 kwana biyu bayan ya ci kofin Italiya. Thiago Motta da aka kawo don sabon gini bai cika shekara ba, aka sallame shi a Maris ɗin 2025. Harshe ya yi, ƙauna ta yi, amma sauran biyun sun faɗi: ƙungiyar matasa ce da ake son a raina, a gidan da haƙuri ya ƙare. Idan har Zidane ya koma aikin kulob, nan na fi zato. Sai dai ban ga alamar kulob yake jira ba.

Komawa Madrid karo na uku? Ƙofar ba ta taɓa rufewa ba, kuma da hakan za ta faru da Kawu ya huta, tambarin na nan sai a sabunta. Amma lokacin da Ancelotti ya tafi riƙe Birazil a 2025, Xabi Alonso aka kira. Kuma wanda ya ɗauki kofin Turai uku a jere a gida, me zai sake yi a can da ba za a ce bai kai na da ba?

Saura ɗaya, wadda ba kulob ba ce: ƙungiyar ƙasar Faransa. A Janairun 2025 Didier Deschamps ya sanar cewa zai sauka bayan Kofin Duniya na 2026, bayan ya riƙe ta tun 2012, ya ci kofin 2018, ya kai wasan ƙarshe a 2022. Zidane bai ɓoye ba, ya sha faɗa cewa yana fatan riƙe ta wata rana. Dubi yadda ma'aunin uku ya zauna daram. Gwanaye: Mbappé, Dembélé da ya ɗauki Ballon d'Or ta 2025, Tchouaméni, Camavinga, Saliba, Olise, Maignan. Ba sai an saya ba, ba sai an raina ba, makarantun horon ƙasar suna ta fitar da su. Harshe nasa ne na haihuwa. Shugabanci kuma ya sauya. Noël Le Graët, shugaban hukumar ƙwallon Faransa na lokacin, wanda a Janairun 2023 ya ce ko Zidane ya kira shi ba zai ɗaga waya ba, har Mbappé ya fito fili ya ce ba a raina gwarzo haka, ya sauka a wata na gaba bayan wannan da wasu zarge-zarge, Philippe Diallo ya hau.

Aikin mai horar da ƙasa ma kamar don shi aka yanka. Ƴan wasa suna zuwa kwana goma su koma kulob ɗinsu, ba lokacin koyar da sabon salo mai sarƙaƙiya. Abin da ake buƙata shi ne wanda zai zaɓi mutum ashirin da shida, ya haɗa kansu, ya hana su cin naman juna, ya san abin yi a wasan da in ka faɗi ka tafi gida. Faransa ta san abin da rashin wannan ke jawowa: a 2010 a Afirka ta Kudu ƴan wasanta suka ƙi sauka daga mota su yi atisaye bayan an kori Anelka, suka dawo gida tun zagayen farko. Wasan kifa ɗaya kwala kuwa shi ne gonar Zidane, don a shekara uku na farkonsa ba a taɓa fitar da shi daga Kofin Zakarun Turai ba.

Ba na cewa ba haɗari. Michel Platini ya riƙe Faransa daga 1988 zuwa 1992, bai kai ta Kofin Duniya na 1990 ba, a gasar Turai ta 1992 kuma tun rukuni aka koro su. Maradona, yana riƙe da Ajantina, ya sha 4 da nema a hannun Jamus a 2010. Mutum uku ne kawai suka ci Kofin Duniya suna ƴan wasa suka sake ci suna masu horarwa: Zagallo, Beckenbauer da Deschamps. Shi Deschamps ɗin ma sai da ya bi ta Monaco, Juventus da Marseille kafin a ba shi ƙasa, ya san wahalar ƙungiya marar kuɗi. Zidane bai sha wannan ba, ga kuma shekarun da ya yi ba ya bakin fili. Duk da haka, gabansa akwai gasar Turai ta 2028 a Birtaniya da Ayalan, da Kofin Duniya na 2030 da Maroko, Sifaniya da Fotugal za su karɓa. Kofin da ya kufce masa a Berlin a 2006, daren da ya tunkuri Materazzi da ka aka ba shi jan kati, ba wani kulob da zai iya rama masa shi.

Da na kai nan a fada, sai wuri ya yi tsit. Wani yayanmu ya ajiye kofin shayi ya ce, "Ƙanena, kana nufin Kawu ya zana zakaran Faransa a bango, a garin nan, a wannan lokaci?" Tambayar tana da nauyi, ban ɗauke ta wasa ba. Sojojin Faransa sun fice daga Nijar a Disamban 2023, kuma Damagaram ba ta manta tarihinta ba: nan aka kashe Kyaftin Cazemajou na Faransa a 1898 zamanin Sarki Amadu Kuran Daga, nan ne kuma babban birnin mulkin mallaka har 1926 da aka mayar Yamai. Wasu suka ce me zai hana Aljeriya, maƙwabciyarmu, ƙasar kakanninsa, tunda ɗansa Luca ma ya zaɓi tsare mata raga a 2025? Zan fi kowa murna. Amma bayan tafiyar mai horar da ita Belmadi a farkon 2024 Vladimir Petković aka ɗauka, kuma Zidane wasa 108 ya buga wa Faransa, burin da ya furta da bakinsa can ne. Tambayar Kawu ita ce ina zai je, ba ina muke so ya je ba. Amsar farko Faransa, ta biyu daga nesa Juventus.

Na koma wurin Kawu ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci, na zayyana masa duka. Ya daɗe yana kallon bangon.

"To ni ba zan zana tutar kowa ba," ya ce. "A yi masa farar riga da baƙar kwat, yadda yake tsayawa a bakin fili. Kofunan nan uku a jera su a ƙasa, da shekarunsu, don su ba mai ƙwace masa. Gefen kafaɗa a bar shi fari."

Na ce, "Idan an sanar fa, Kawu?"

"Idan Juventus ce, baƙi da fari ba tsada. Idan Faransa ce, sai mu zauna da mutanen unguwa mu ji."

Mai fenti ya rage jikka biyu tunda ba tambari. Ya ce ranar Litinin da sassafe zai zo da tsani, kafin rana ta bugi bangon.